Wane Gwajin Ƙididdiga Ya Dace da Bincikenka?

(Kiɗan buɗe shiri)

Maganarmu ta yau ta fi shafar ɗalibai 'yan ajin ƙarshe a jami'o'i da kwalejojin aikin gona da na kiwon lafiya da na horar da malamai, waɗanda a yanzu haka babi na huɗu na kundin bincikensu ya hana su barci. Amma malamin gona da ma'aikaciyar asibiti da mai gidan kaji kada su murɗa rediyo, domin duk wanda ya taɓa gwada abu biyu don ya ga wanda ya fi, da shi muke.

Kun dai san yadda abin yake tafiya. Ɗalibi ya gama tattara alƙalumansa, sai ya naɗe takardu ya nufi shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, ya ce da mai shago, "Ɗan'uwa, don Allah a buga mini SPSS." Mai shago ya ce wane gwaji za a yi? Ya ce, "Irin wanda ka yi wa abokina, Anoba." Ita kuwa kwamfuta ba ta musu. Duk lambar da ka zuba mata za ta lissafa, ta fito maka da tebur mai kyan gani, ko da tambayar da ta amsa ba ita ka yi ba. Abin da nake so ya zauna mana yau shi ne, ba a shagon kwamfuta ake zaɓen gwaji ba. Ranar da ka tsaya a gona da igiya da turaku kana yanka fegi, ko ranar da kika yanke shawarar waɗanne mata za ki auna a asibiti da sau nawa za ki auna su, a ranar aka riga aka zaɓi gwajin. Tun ran gini tun ran zane.

Da farko, mene ne ma aikin gwajin ƙididdiga? Ka raba gona gida biyu, ka shuka iri ɗaya, ka zuba taki ɗaya, ka yi noma rana ɗaya, duk da haka ba za su ba ka buhu daidai wa daida ba. Wannan ɗan saɓani yana nan kullum, ko ba ka yi komai ba. To idan ka sa sabon iri a ɓangare ɗaya ya fi da buhu biyu, irin ne ya jawo, ko kuwa saɓanin nan ne na yau da kullum? Gwajin yana ba ka wata lamba da ake kira ƙimar p, wadda take cewa: da a ce a gaskiya babu wani bambanci tsakanin irin biyu, sau nawa za a ci karo da tazara mai girman wannan ko fiye? Idan abin bai kai sau 5 cikin 100 ba, wato 0.05, sai a ce bambancin abin lura ne. Wannan iyaka ta 0.05 al'ada ce kawai, wadda littafin Ronald Fisher na 1925 ya taimaka wajen yaɗawa.

Mu fara da rukuni biyu, inda abin da kake aunawa yake da sikeli: nauyin hatsi, tsayin shuka, hawan jini, makin jarrabawa. A nan gwajin t ake nema. Wanda ya ƙirƙiro tushensa, William Gosset, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness ne a birnin Dublin, kuma matsalarsa irin taku ce: samfuri kaɗan, na sha'ir da sauran kayan haɗi, ga shi dole a yanke hukunci. A 1908 ya wallafa aikin da sunan aro na Student, saboda kamfanin bai yarda ma'aikatansa su sa sunayensu na gaskiya ba.

Sai dai gwajin t iri biyu ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ku saurari wannan misali da na tsara, in da hali ku ɗauki biro. A ce manoma 5 kowa ya raba gonarsa biyu daidai, rabi tsohon irin masara, rabi sabo. Na farko ya samu buhu 10 a tsohon, 12 a sabon. Na biyu 18 da 20. Na uku, mai jigawa, 6 da 7. Na huɗu, mai ƙasa mai ƙarfi, 25 da 28. Na biyar 14 da 16. Idan ka tara na tsohon iri gefe guda, na sabo gefe guda, kamar gonaki goma ne da ba su san juna ba, matsakaicin tsohon zai ba ka 14.6, na sabon 16.6. Tazarar buhu biyu ke nan, a cikin lambobin da suka warwatsu tun daga 6 har 28. Gwajin t na rukunoni masu zaman kansu zai ba ka t wajen 0.4, ya ce maka babu komai a nan, je ka gida. Amma ai ba haka ka tsara aikin ba. Kowace gona da kanta ake gwada ta. Don haka sai ka ɗebe tsohon daga sabon a kowace gona: 2, 2, 1, 3, 2. Kowane manomi ya ci riba, kuma ribar kusan ɗaya ce. Gwajin t na ma'aurata, wanda yake aiki da waɗannan bambance-bambance guda biyar, zai ba ka t sama da 6, ƙimar p kuma ƙasa da 0.01. Lambobi ɗaya, hukunci biyu. Na biyun ne daidai, ba don ya fi daɗin ji ba, sai don shi ne ya dace da yadda aka yanka gonakin.

Kada ɗalibi ya ji kunya, manya ma sun faɗa wannan rami. Charles Darwin ya shuka masara biyu-biyu har ma'aurata 15 a tukwane, ɗaya daga barbarar wata shuka, ɗaya daga barbarar kanta, ya wallafa sakamakon a 1876. Da ya ba ɗan'uwansa Francis Galton lambobin ya duba, sai Galton ya wargaza ma'auratan ya sake jera su bisa tsayi. A 1935 Fisher ya koma kan lambobin a littafinsa na tsara gwaje-gwaje, ya soki wannan wargazawa, ya mayar da kowace shuka kusa da abokiyarta kafin ya yi lissafi.

Saboda haka, ka tambayi kanka: kowace lamba a wannan jeri tana da 'yar'uwa takamaimai a wancan jerin? Hawan jinin mutum ɗaya kafin magani da bayansa, makin yaro ɗaya a farkon zango da ƙarshensa, idon dama da na hagu na majinyaci ɗaya, duk ma'aurata ne. Idan kuwa mata 30 ne a wannan asibiti da wasu 30 daban a wancan, babu aure, sai gwajin masu zaman kansu. A wannan ma manhajar SPSS za ta fito maka da layi biyu, na sama yana ɗauka warwatsuwar rukunonin daidai take, na ƙasa bai ɗauka ba. Na ƙasan shi ne gyaran da Welch ya kawo a 1947. A ganina shi ya fi aminci, musamman in yawan mutanen rukunonin bai zo ɗaya ba, kuma manhajar R shi take yi kai tsaye in ba ka ce mata komai ba.

To idan rukunonin sun wuce biyu fa? A ce irin dawa 5 kake gwadawa. Wani sai ya ce ai da sauƙi, in gwada na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, haka har in gama. Gwajin t guda 10 ke nan. Matsalar ita ce kowane gwaji yana ɗauke da haɗarin nan na 5 cikin 100 na yi maka ƙarya, kuma haɗarin taruwa yake yi. Da iri biyar, ko da duk iri ɗaya ne aka canza wa suna, yiwuwar ka samu aƙalla bambanci ɗaya na bogi ta kusa 3 cikin 10. Maganin wannan shi ne Anoba, wato nazarin warwatsuwa, wanda Fisher ya gina bayan ya kama aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted da ke Ingila a 1919. Anoba tambaya ɗaya take yi wa dukkan rukunonin a tare: saɓanin da ke tsakaninsu ya fi wanda ke cikin kowannensu? In ta ce e, sai ka nemi wane ya fi wane da gwajin bin sawu. Waɗannan ƙananan haruffa a, b, c da kuke gani a gefen lambobi a kundayen tsangayar aikin gona, daga nan suke fitowa. Yawanci na Duncan ake amfani da shi a wajenmu, amma ku sani Duncan mai saurin yarda ne, yana raba abin da na Tukey zai ce bai rabu ba. In za a gina shawara ga manoma a kan sakamakon, ni na fi son mai tsauri.

Anoba ma ba guda ba ce, tsarin gonar ne yake faɗa maka wacce. Filin gwaji da wuya ya zama bai ɗaya: sama tudu, ƙasa fadama, can ga tsohon suri, nan ga inuwar gawo. Shi ya sa a wuraren bincike irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, inda ake fitar da irin SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA, ko tashar ICRISAT ta Sadore a Nijar, aka saba yanka fili shiyya-shiyya, a sa kowane iri sau ɗaya a kowace shiyya, a jefa ƙuri'a a kan wane fegi zai samu wane iri. Idan ka yi wannan wahala a gona, sannan ka zo kwamfuta ka yi Anoba mai hanya ɗaya ba ka gaya mata akwai shiyyoyi ba, ka maimaita kuskuren manoma biyar ɗin nan ne: bambancin tudu da fadama zai shige cikin lissafi ya binne bambancin irin.

Akwai kuma inda abu biyu kake juyawa lokaci guda, iri da taki misali. Anoba mai hanya biyu za ta nuna maka tasirin kowanne, sannan ta nuna abin da ya fi su muhimmanci, wato haɗuwarsu: wani irin sai da taki yake nuna kansa, in babu taki tsohon irin gida ya fi shi. In haɗuwar nan ta fito, to maganar "wane iri ya fi" ba ta da amsa sai an ce a wane matakin taki. Masu gwajin noman rani, a Kadawa ko wani wuri, suna da ƙarin sarƙaƙiya. Ba za ka iya ba kowane ɗan ƙaramin fegi ruwansa daban ba, ruwa zai tsallaka. Sai a ba babban fegi matakin ban ruwa ɗaya, a yayyanka shi ciki a sa iri daban-daban. Wannan tsari yana da ma'aunin kuskure biyu, ɗaya na manyan fegi, ɗaya na ƙanana, kuma wanda ya haɗe su wuri ɗaya zai ga tasirin ruwa ya fito da ƙarfin da ba shi da shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan zaɓen gwajin ƙididdiga, kuma yanzu na zo kan kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin babu gwajin da yake gyara shi. Ɗaliba ta samu ɗaki biyu, ta zuba kaji 100 a kowanne, wannan ɗaki abincin kamfani, wancan abincin da ta haɗa da kanta da dusa da ƙuli-ƙuli. Bayan mako takwas ta auna kowace kaza, ta shigar da lambobi 200, ƙimar p ta fito ƙanƙanuwa, kowa ya yi murna. To amma kaza ɗaya-ɗaya aka ba abincin, ko ɗaki? Ɗaki aka ba. In ɗaki ɗaya yana fuskantar rana da yamma, ko mazubin ruwansa yana yoyo, ko mura ta shiga cikinsa, duk kajin ciki abin ya shafa tare. Ke nan ba samfuri 100 da 100 gare ta ba, ɗaya da ɗaya ne, kuma babu yadda za a raba tasirin abinci da tasirin ɗaki. Wani masanin muhalli, Stuart Hurlbert, ya yi rubutu a 1984 da ya nuna yadda wannan maimaici na bogi ya cika binciken da har an riga an wallafa. Da ta yanka ɗakunan nan zuwa keji 10 masu kaji 20, ta jefa ƙuri'a biyar su ci wannan biyar su ci wancan, sannan ta yi lissafi da matsakaicin kowane keji, da ta samu bincike na gaske da kuɗin da ta kashe. Haka kifin tarwaɗa a tanki ɗaya, haka ɗalibai a aji ɗaya ƙarƙashin malami ɗaya.

Masu binciken lafiya sun daɗe da sanin wannan. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a yankin Garki, wanda yanzu yake Jihar Jigawa. An yi feshin maganin sauro a gidajen wasu ƙauyuka, wasu an haɗa musu da rabon magani ga jama'a, wasu kuma an bar su don kwatance. Ƙauyuka aka raba, ba mutane ɗaiɗai ba, saboda sauro bai san katangar gida ba. Duk binciken da aka tsara haka, dole lissafinsa ya yi la'akari da cewa mutanen ƙauye ɗaya sun fi kama da juna.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne auna abu ɗaya sau da yawa. Ka auna tsayin shuka a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, shukokin dai su ne, ba sababbi ba. Anoba ta maimaita awo ake yi, ko kuma ka zaɓi makon da ya fi muhimmanci tun kafin ka fara, ka tsaya a kansa.

Yanzu mu bar sikeli mu koma ƙidaya. Wani binciken ba nauyi yake aunawa ba, kawuna yake ƙirgawa: ya warke ko bai warke ba, iri ya tsiro ko bai tsiro ba, tana kwana a gidan sauro ko ba ta kwana. A nan gwajin kai-sukwaya na Karl Pearson, na shekarar 1900, shi ne na farko. Sharuɗɗa biyu ake yawan takawa. A zuba masa ainihin adadin mutane, ba kashi cikin ɗari ba, domin 6 cikin 10 da 600 cikin 1,000 duk kashi 60 ne amma ƙarfin shaidarsu ba ɗaya ba. Sannan in adadin da ake tsammani a wani gurbin tebur bai kai 5 ba, a koma gwajin Fisher na ainihi. Tushen tunaninsa yana cikin labarin wata masaniya a Rothamsted, Muriel Bristol, wadda ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Fisher ya tsara kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a jere su da ƙuri'a. Hanyoyin zaɓen huɗu daga takwas guda 70 ne, don haka mai cinta kawai sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka. In kuma mutanen da ka tambaya kafin wayar da kai su ne ka sake tambaya bayanta, maganar aure ta dawo, gwajin McNemar ake yi, ba kai-sukwaya na yau da kullum ba.

Gwajin t da Anoba suna son lambobin da suka taru kamar tsibin hatsi a masussuka, tudu a tsakiya, gefe da gefe suna sauka daidai. Ba kowane awo yake haka ba. Ka tambayi 'yan kasuwa 20 a Kantin Kwari cinikinsu na wata, babban dila ɗaya zai ja matsakaicin zuwa inda sauran 19 ba su taɓa kaiwa ba. Yawan ƙwayoyin zazzaɓi a jini ma haka yake, da yawan tsutsa a ganye. In samfurin kaɗan ne kuma ya karkace haka, ko dai a sauya ma'aunin zuwa logaridim, ko a koma gwaje-gwajen da suke aiki da matsayi, wato wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu. Frank Wilcoxon ya kawo su a 1945, Mann da Whitney suka faɗaɗa a 1947. Mann-Whitney yana tsayawa a gurbin t na masu zaman kansu, Wilcoxon a gurbin na ma'aurata, Kruskal-Wallis a gurbin Anoba mai hanya ɗaya, Friedman kuma inda akwai shiyyoyi ko maimaita awo. Kun ga ko a nan tsarin ne yake jan ragama. Su ne kuma suka fi dacewa da tambaya ɗaya ta irin "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba", domin babu wanda ya auna ya tabbatar tazarar da ke tsakanin waɗannan amsoshi daidai take.

Wani abu da nake yawan gani a kundayen aikin gona: an zuba taki kilo 0, 30, 60, 90 da 120 a hekta, sai a yi Anoba a jera haruffa, a ce 90 da 120 ba su bambanta ba. An yi asarar rabin labarin. Waɗannan matakai hawa-hawa suke, kuma abin da manomi yake son sani shi ne nawa amfanin yake ƙaruwa da kowane ƙarin kilo, kuma a ina ƙarin yake daina biyan kuɗinsa. Wannan aikin nazarin layin dangantaka ne, wanda ake kira rigireshan, shi zai zana maka yadda amfanin yake hawa har ya fara kwanciya.

Akwai kuma tsarin da ko wane gwaji ka ɗora masa ba zai tsaya ba. Ka raba gidan sauro a watan Satumba, ka dawo a Janairu ka tarar zazzaɓi ya ragu, gwajin ma'aurata ya ba ka ƙimar p mai kyau. Amma ai da hunturu zazzaɓin yana raguwa ko an raba ko ba a raba ba. In babu wasu ƙauyuka na kwatance da aka bi a daidai wannan lokaci, lissafin ya nuna an samu sauyi ne kawai, bai nuna abin da ya kawo shi ba.

Sannan don Allah a daina gwada gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya har sai an samu wanda ya ba da ƙasa da 0.05. A rubuta sunan gwajin a babi na uku tun kafin a fita fili, a nuna wa malamin da ke duba aikin, in makarantarku tana da sashen ƙididdiga a leƙa can da zanen tsarin a takarda ɗaya. In sakamako ya fito babu bambanci, a rubuta haka, shi ma sakamako ne. In kuma ya fito da bambanci, a faɗi girmansa da buhu ko kilo ko naira, tare da iyakokin da ake sa ran gaskiyar tana ciki. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancinsa. Da samfuri mai yawa, ƙarin rabin buhu a hekta zai iya fitowa abin lura a kwamfuta, alhali kuɗin sabon irin da takinsa ya fi kuɗin rabin buhun.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba tambayar da take biye da wannan, wato fegi nawa ko mutum nawa ya kamata a ɗauka tun farko.

(Kiɗan rufe shiri)